Durgu da Ƙwan Zabin Inna

Ruwan fari ya sauka a Gwarzo ranar Laraba da la'asar. Washegari jikata Rabi ta shigo mini da takarda a hannu, wai ta zana kejin da za a ƙera mata, tana so ta fara kiwon kaji a ɗan filin bayan ɗakinta inda take shuka yakuwa da barkono. Ta tambaye ni wace irin kaza za ta saya. Na dubi takardar, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta taga, sai na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai. Ta zaci zanenta nake yi wa dariya, har ta ɓata rai. Ni kuwa Durgu na tuna, da Inna, da daminata ta farko a Gammo.

Ni 'yar Gwarzo ce, 'yar maɗinki. Babanmu ya hana kiwon kaza a gidansa tun ranar da wata ta hau babbar rigar da ya yi wata biyu yana yi wa aiki, ta yi abin da kaji suka saba yi. Saboda haka na tashi ban san kaza ba sai a cikin miya. Da aka kai ni Gammo, a ƙasar Kabo, Turawa suna nan, ana kashe kwabo mai huji, kuma ban san komai na zaman ƙauye ba.

Mu uku ne a gidan: ni, da Malam maigidana, da Inna. Inna yayar mahaifiyarsa ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ƙanwarta da ke Kutama ta ba ta shi ranar da aka yaye shi, ita ta raine shi har ta yi masa aure. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Mace ce doguwa, maras yawan magana, wadda ba ta taɓa haɗa umarni da dalili ba. Idan ta ce a ɗauke tukunya daga nan, to a ɗauke, sai bayan kwana uku mutum ya gano don me. Ni kuma kunyar suruka ta hana ni tambaya, ko ido ba na iya haɗawa da ita. Tana kirana 'yar birni, alhali Gwarzon lokacin ba wani birni ba ce. Ina tsoronta, kuma ina matuƙar son ta yaba mini ko sau ɗaya.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta tsaya ba ta cika ido ba. Kafin bazara ta yi nisa, sai Malam ya shige rumbu gaba ɗaya kafin ya fito da dami. Muka koma tuwo sau ɗaya a yini, da rana a yi kwaɗon zogale ko na rama a sha ruwa. Zafi kuwa, tabarma ma sai an yayyafa mata ruwa kafin a kwanta, rijiyarmu ta yi ƙasa har guga yana fitowa da laka. Tun da sanyi kuma wani ciwo ya bi kajin garin ya share su. Ya kwashe na Inna duka, ya haɗa da fararen zabinta, kuma rashinsu ne ya fi yi mata ciwo. Da irinsu ta zo daga gidan ubanta tana amarya, shekara da shekaru ba su taɓa yankewa a gidan ba. Sau da yawa da asuba nakan hango ta ta fito da ɗan tsaki a hannu, ta tsaya tsakar gida, sannan ta tuna ta koma ɗaki.

Ni na ce ina son kaza. Ina da zaren da na kaɗa, kuma na gyara ɗan fili bayan ɗakina na kewaye da kara, ina jiran ruwa in zuba kuɓewa da kabewa. Na ga kamar idan aka ga kaza tana yawo a wajen, za a san matar gida ce a nan. Malam ya yi wa wani mai yawo da kaji magana, ranar kasuwar Kabo da yamma ya biyo da kwandonsa, Malam ya shigo mana da shi tsakar gida.

Idona bai tsaya ko'ina ba sai kan wata ja, doguwa, gashinta yana sheƙi. Mai kajin ya aiko daga zaure cewa jinin zakaran Turawa ce, irin wanda malamin gona ya rarraba wa masu unguwanni. Na rungume ta har na fara tunanin suna. Inna ta miƙo hannu ta karɓe ta. Ta ɗaga ta ta ji nauyinta, ta buɗe bakinta ta sansana, ta duba ƙarƙashin fiffike ko da ƙuma, ta sa yatsu tsakanin ƙasusuwan bayanta. Sannan ta mayar da ita kwando, ta zaro wata daga can ƙasa. Baƙa ce mai ɗigon toka, gajerun ƙafafu, faffaɗan baya, ƙirjinta duk a tsige, ga masifa. Tun kafin a fito da ita ta cafki yatsan Inna. Abin mamaki, cizon nan shi ya sa fuskar Inna ta saki.

"Waccan ta ado ce," in ji ta. "Za ta yi miki ƙwai ta tafi yawonta. Wannan ita ce mai zama."

Na ba da zarena a kan mummunar kaza, na shiga ɗaki na yi ƙwalla. Irin masu gajerun ƙafafu durgu ake ce musu, sunan ya bi ta.

Akurki kuwa na ce ni zan gina da hannuna. Na kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa, na bar ta ta kwana biyu kamar yadda na ga ana yi, na ɗora shi a kusurwar filina, zagayayye, tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Na shafe shi sumul, har da zanen yatsa a bakin ƙofa irin na ɗakin amare. Na fuskantar da ƙofar gabas don Durgu ta riƙa ganin fitowar rana. Malam ya zo ya duba, ya yi tari, ya tafi gyaran garmarsa. Washegari na dawo daga rijiya na tarar an toshe ƙofata da laka, an fasa wata ta yamma, an ɗaga bakinta da dutse, an zuba toka a ciki, an kifa fasasshiyar tukunya a sama. Inna tana zaune tana tsince wake kamar ba ita ba. Na cika na yi fam. Sai da hadarin farko ya taso daga gabas, ruwa ya riƙa dukan bayan akurkin nan a kwance, sannan na fahimci da a tafki Durgu za ta kwana.

Ruwa ya zauna, aka yi shuka. Malam yana gaba da sungumi, ni da Inna muna bi muna jefa iri muna takewa, cikinmu babu komai sai ruwan tsamiya. Ciyawa ta fito, tafasa ta fito, muka samu abin kwaɗo. Durgu ta samu ƙwari da gara ta murmure, zakaran maƙwabta kuma ya gano hanyar tsallake dangarmu. Ta fara ƙwai, ɗaya bayan ɗaya, har goma sha ɗaya. Ranar da ta ƙi fitowa daga akurki, ta kumbura tana gurnani, Inna ta durƙusa ta leƙa, ta ce ta yi kwanci. A daren ta ɗaure ƙullinta, da asuba ta kama hanyar Kutama a ƙasa.

Yini guda ta yi. Ta dawo ƙafafunta a kumbure, da ƙwarya a ka cike da ƙaiƙayi, a ciki ƙwan zabi tara. A wajen ƙanwarta ta samo. Ciwon ya bi ta can ma, abin da ya rage na irin gidan ubansu zabuwa ɗaya ce da namijinta, su ma sun tsufa. Zabuwa ba ta iya reno ba, kowa ya san kaza ake sa wa ƙwanta, kuma a duk unguwarmu a shekarar nan babu kaza mai kwanci sai tawa. Idan waɗannan tara ba su fito ba, fararen zabin Inna sun ƙare ke nan.

Ta sa hannu ƙarƙashin Durgu ta kwashe ƙwanta, tana shan cizo, ta jera na zabin. Ta miƙo mini sha ɗayan a ƙoƙo ta ce a dafa, Malam yana noma da yunwa. Na dafa shida. Biyar ɗin na tsaya ina kallonsu, da sauran ɗuminsu. Na ce a raina wannan wane irin zalunci ne, baiwar Allah ta sha wahalar yin ƙwai, a kwashe, a ce ta kwanta a kan na wasu. Da Inna ta shiga sallar magariba na lallaɓa na tura mata biyar ɗin ƙarƙashinta. Akurki da duhu, gwiwoyin Inna ba sa son durƙuso, Durgu kuma ba ta barin kowa ya ɗaga ta. Babu wanda ya sani, ni kuwa ina jin kaina mai tausayi.

Aka shiga noman fari. Kullum da hantsi Durgu takan fito a guje, ta sha ruwa, ta yi wanka a toka, ta tsinci abin da ta samu ta koma. Inna tana ƙirga kwanaki da tsakuwa a wani ɗan kasko. Ranar da tsakuwa ta kai ashirin da ɗaya, da sassafe ina shara, na ji ƙaramin kuka daga akurki. Na jefar da tsintsiya, na manta da kunya, na ruga ɗakin Inna ina cewa sun fito. Na zaci za ta yi murna. Sai na ga ta dubi kaskon tsakuwarta, ta dube ni, ta tashi da sauri irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba.

Ta durƙusa a laka ta zura hannu, ta fito da ɗan tsako baƙi, jiƙaƙƙe. Ta sake zurawa ta fito da wani. Ta tambaye ni nawa na sa, na ce biyar. A nan ne karo na farko ta yi mini bayanin wani abu. Ta ce ƙwan kaza kwana ashirin da ɗaya yake yi, na zabi sai ya ƙara bakwai. Da zarar 'yan tsakin nan sun bushe sun fara neman abinci, uwar za ta tashi ta bi su, ƙwan zabin ya huce, abin da ke ciki ya mutu saura mako guda. Mai son haɗawa, na zabi yake fara sawa, bayan kwana bakwai ya ƙara na kazar, su fito tare. Sannan ta tambaye ni, ba da faɗa ba, me ya sa na yi haka.

"Tausayinta na ji, Inna," na ce. "A ce ta ƙare wahalarta a kan 'ya'yan wasu, ba nata ko ɗaya."

Maganar tana fita na so ƙasa ta tsage in shige. Na san tarihinta, kowa a Gammo ya sani, amma bakina ya riga hankalina. Inna ba ta ɗago ba. Ta goge lakar hannunta a zaninta a hankali, ta ce in kawo ƙoƙo da audugar kaɗina.

Dabara ɗaya ce ta rage. A raba Durgu da 'ya'yanta kafin ta san sun kammala, a kai su inda ba za ta ji kukansu ba, ko Allah zai sa ta ci gaba da zama. Kafin azahar duka biyar sun fito, muna kwashewa ɗaya ɗaya. Ɗakina yana jingine da akurki, don haka Inna ta ce in ɗauko tabarmata in koma nata, can ƙarshen gida bayan rumbu. Matar ɗa a ɗakin suruka, abin da ba a yi. Malam ya buɗe baki zai yi magana, ta dube shi, ya rufe.

Makon nan aka yi marka. Ruwa siriri ba ya tsayawa, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, sanyi yana shiga ƙashi. 'Yan tsaki ba uwa ba sa jure sanyi, sai na zama ni ce uwar. Na shimfiɗa auduga a ƙoƙo na zuba su, na ɗaure ƙoƙon a ƙirjina da zani, da shi nake daka, da shi nake zuwa rijiya. Matan unguwa suka samu abin yi. Wannan ta ce barka da sauka, waccan ta tambayi ranar suna, wata tsohuwa har da cewa biyar a ciki ɗaya, lallai 'yan Gwarzo ba sa wasa. Inna ta koya mini cusa kara da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, a kifa a bakin shuri, da safe a ɗauko cike da gara. Haka na ciyar da su. Duk da haka ƙaramin cikinsu ya mutu a kwana na uku, a jikina, na same shi ya sandare. Na yi kuka sosai, ban ɓoye ba.

Ita kuma Inna tana wajen Durgu. Kwana biyun farko kazar ta riƙa fitowa tana zagaya akurki tana kira, sai Inna ta mayar da ita a hankali ta jingina dutse a ƙofa, ta zauna a kan turmi cikin yayyafi da buhu a ka. Durgu ta rame har ƙashin ƙirjinta ya fito, zankonta ya yi fari. Na lura tuwon Inna ba ya ƙarewa a kwano, tana rage loma biyu ta murmushe ta kai bakin akurki. A shekarar da loma biyu abinci ce. Na fara rage nawa ni ma ina turawa cikin kwanonta. Ta gani, amma ba ta mayar mini ba.

Maganar da na yi ba ta sake tasowa ba, kuma ita ce ta fi damuna. Kullum ina shirya ban haƙuri, kunya tana danne shi. Abin da ya canja shi ne ta fara magana da ni. Tana gyara mini ɗaurin ƙoƙo ta ba ni labarin ranar da aka kawo mata Malam, yana ta kukan nono, ta yi kwana bakwai tana yawo da shi a baya don ya ƙi yarda a ajiye shi. Ta faɗa tana murmushi, ni kuma na sunkuyar da kai don kada ta ga idona.

Tsakuwa ta kai ashirin da bakwai, shiru. Ashirin da takwas da safe, shiru. Inna ta ɗauko ƙwai ɗaya ta kara a kunne, ta mayar, ba ta gaya mini abin da ta ji ba. Ranar na yini ina leƙen akurki. Wajen la'asar ruwa ya tsaya, rana ta ɗan leƙo, sai muka ji wani siririn kuka wanda ba irin na 'yan tsaki ba. Ɓawon ƙwan zabi da tauri, sun sha aiki kafin su fasa. Zuwa washegari shida sun fito, farare sol, ƙafafunsu ja. Uku ba su yi ba. Inna ta binne su a gindin kabewata, kuma ba ta taɓa cewa laifina ne ba, ko da yake ni na sani.

Saura mayar da huɗun da ke ƙirjina. Inna ta ce mai yiwuwa Durgu ta manta da su ta sassare su, don sun yi mako ba ta gan su ba. Da magariba, duhu ya fara shiga, ta sa na tura su ƙarƙashin fiffikenta ɗaya bayan ɗaya. Kazar ta yi gurnani, ta cafki hannuna, sannan ta gyara zama.

Da safe muka ɗauke dutsen. Durgu ta fito tana tangaɗi don yunwa, ta tsaya a hasken rana, ta kira. Suka fito a bayanta, huɗu baƙaƙe manya, shida farare ƙanana, suna tuntuɓe da juna. Ta nufi kuɓewata kai tsaye ta fara tonawa, ban hana ta ba. Duk abin da ta tono sai ta kira, wanda ya riga zuwa ya ci. Wata shirwa ta gifta sama, ta buɗe fiffike, goman suka shige. Muna tsaye ni da Inna kafaɗa da kafaɗa. Na tattaro ƙarfin halina na ce, "Inna, maganar da na yi ran nan, ki yafe mini."

Ba ta kalle ni ba. Ta nuna kazar da haɓa.

"Je ki tambaye ta wanne ne nata a ciki," in ji ta. Sannan ta ce, "Kawo tsaki, 'yar nan, uwarsu ta sha wuya."

Daga ranar ba ta sake ce mini 'yar birni ba, har ta koma ga Allah a hannuna.

Wannan na ba Rabi labari, takardar kejinta tana kan cinyarta. Na ce ta bar mai kyau ta ɗauki mai cizo, ta juya ƙofar yamma, ta zuba toka. Fararen zabi uku suna kiwo a tsakar gidana muna magana, jikokin jikokin shidan nan, sun biyo ni har Gwarzo, kuma sun fara ƙwai da ruwan nan. Na ce idan kazarta ta yi kwanci ta zo ta karɓi tara. Ta tambaya ko za ta iya haɗa mata da nata, don tausayi. Na ce ta haɗa, amma ta ba na zabin kwana bakwai tukuna.